Motar Gwamnati Za Ta Kai Mayi Enelesi Mulomba Ƙauyen Uwarta

Cikin alhini da juyayi, tare da miƙa wuya ga Ubangijin da yake bayarwa yake kuma karɓa, Ƙungiyar Tiyime ta Mata Ma'aikatan Gwamnati tana sanar da 'ya'yanta na duk gundumomi da ɗaukacin jama'a cewa ta sami labarin rasuwar Uwar Ƙungiya, Shugabarta ta farko, kuma Babbar Jami'ar Ajiye Fayiloli, Mayi (wato Uwargida) Enelesi Mulomba, wadda Allah ya yi wa cikawa ranar Asabar da hantsi a wani asibiti a Lilongwe bayan gajeriyar jinya, tana da shekara hamsin da tara, saura wata bakwai ta ajiye aiki. Ta bar 'ya ɗaya, Mayi Tamandani, da jikoki uku, da mahaifiyarta, Agogo (wato Kaka) Elube, mai shekara tamanin da biyu, a ƙauyen Nambiti na gundumar Phalombe, a kudancin ƙasar. Mun sani wannan sanarwa ta makara da kwana huɗu. Da gangan muka riƙe ta, domin har jiya Talata da rana ba mu san inda za mu ce wa jama'a su je jana'iza ba.

Marigayiya ta shiga aiki a Zomba tana da shekara ashirin, a matsayin mai buga takardu. Shekara guda bayan haka ta auri wani malamin makaranta ɗan Rumphi, can arewacin ƙasar, aka kuwa yi mata abin da ake yi wa kowace mace a lokacin: akawu ya ɗauki jan biro ya soke ƙauyenta a fayil, ya rubuta garin miji. Tafiyar hutu, da kwasar kaya ranar ritaya, da motar da ke kai gawa gida, duk layin nan guda suke bi. Auren ya ƙare bayan shekara huɗu, aka rabu lafiya, amma babu wanda ya koma ya gyara layin. Tana da shekara ashirin da tara aka ba ta ta buga takardar motar wata ungozoma da ta rasu a bakin aiki. Aka kai gawar arewa, wurin dangin mijin da suka daɗe da mantawa da ita, alhali uwarta tana zaune a kudu an riga an haƙa kabari, tunda mu a wurinmu gida gidan uwa ne. Marigayiya takan ɗaga yatsunta ta ce, "Waɗannan ne suka buga takardar, su kuma za su goge ta."

Da mata shida ta kafa wannan ƙungiya, a gindin bishiya lokacin hutun rana, kowa da gasasshiyar masara a hannu. Shekara goma sha tara tana rubuta koke, ana ce mata ana dubawa. Sau uku aka yi mata canjin wurin aiki don ta gaji ta yi shiru, ko gezau. Aka jefa ta Nsanje cikin zafi, ta buɗe reshe. Aka cilla ta Chitipa, ta buɗe biyu. A na ukun ta karɓi takardar tana dariya, ta ce wa shugabanta a ofis, "Bambo, ranka ya daɗe, in akwai saura ku taimaka ku tura ni tsibirin Likoma, can ne kaɗai ba mu da mutane." Shekara goma sha ɗaya da suka wuce aka sa hannu a yarjejeniyar da ta ba kowace ma'aikaciya fom mai shafi ɗaya ta faɗi gidanta da bakinta. Ita ce ta kafe, ta ƙi ji ta ƙi gani, sai an sa sakin layi na tara, wanda ya ce fom yana aiki ne daga ranar da mace ta sa hannu a gaban abokan aiki biyu, ba daga ranar da ya isa hedikwata ba. Ta yi haka ne saboda malamai da ma'aikatan jinya na ƙauyuka, waɗanda takardunsu kan yi watanni a hanya.

Daga ranar nan jakarta ba ta rabu da fom ba. A coci tana rabawa, a motar haya tana rabawa. Mu da yawa mun gan ta a wurin biki ta ja amarya gefe tana cewa, "Barka da aure, 'yata. Sa mini hannu a nan kafin a yanka kek." Mata sama da dubu shida ne suka koma gidajensu a fayil ta hannunta. In muka tambaye ta nata, sai ta ce, "Nawa yana nan, ba ya ruɓewa. Sai na ga na ƙarshenku ya shiga." Mun ɗauka wasa take yi.

Ranar Litinin ni mai rubuta wannan sanarwa da wakilan ƙungiya muka je karɓar takardar mota, sai ga ta an buga Rumphi. Jami'in da ke kula da sufuri, wanda ba za mu ambaci sunansa ba, ya ce mini, "Mayi, ni ma ita ta koya mini aiki, amma fayil ya ce Rumphi, ni kuma fayil nake bi." Dangin tsohon mijin, Allah ya saka musu da alheri, suka bugo waya da kansu suka ce a kai ta wurin uwarta. Jami'in ya ce fayil ba ya amsa waya. Haba! Matar da ta gyara fayil dubu shida, a ce nata ne zai kayar da ita? Raina ya ɓaci, kuma ban ɓoye masa ba. Wasu masu son zaman lafiya suka ce a ɗauki motar haya a huta. Muka kai maganar ga Agogo Elube, ta amsa ta wayar maƙwabta: "Shekara talatin da tara tana yi wa gwamnati aiki. Su kawo mini ita da motarsu har ƙofa. Ni ba ta haya nake jira ba."

Da yammacin ranar Mayi Tamandani ta zazzage jakar mahaifiyarta, ta sami fom a naɗe huɗu cikin bangon littafin waƙoƙin coci. An cika shi tsaf, an rubuta Nambiti, da sa hannun marigayiya da kwanan watan ranar da aka ƙulla yarjejeniya. Shaida ta farko ita ce Mayi Lustiya Gomani, mai sharar ofis da ta yi ritaya. Ta biyu kuwa ni ce, kuma da kunya nake faɗa, na ɗauka ta miƙa shi tuntuni. Muka ruga da shi, jami'in ya ce takardar da ta zo bayan mutuwa ba ta shiga fayil.

To, da safiyar Talata muka kai zaman makoki inda matsalar take. Muka shimfiɗa ganye a kan hanya a ƙofar ma'aikatar da ke riƙe da fayil ɗin, gaba da baya, kamar yadda ake yi a ƙofar kowane gidan rasuwa, mata kusan ɗari biyu suka ɗaura shuɗin zanen ƙungiya suka zauna a ƙasa suna rera waƙoƙin jana'iza. Ba mu tare ƙofa ba, ba mu zagi kowa ba. Amma wa zai wuce ganyen makoki da gudu? Masu keke suka riƙa sauka suna turawa, maza suna cire hula, motoci suna rarrafe. Da motar Mai Girma Babban Sakatare ta iso, ya fito da ƙafarsa ya rusuna ya tambayi wa ya rasu. Mayi Lustiya, wadda ta taso daga Ntcheu da sandarta, ta miƙa masa fom da yarjejeniya ta ce, "Ɗana, shekara ashirin ina share ofishin nan ban taɓa roƙon kowa komai ba. Karanta mini na tara, da ƙarfi, kunnena ya yi nauyi." Ya karanta a tsaye a gaban jama'a, ya sake karantawa, sannan ya ce a kawo fayil.

Ƙarfe biyu na rana, a kan murfin motarsa, ya soke Rumphi da jan biro ya rubuta Nambiti. Ya kuma ba da umarni a rubuce cewa duk fom ɗin da ke kwance a gundumomi a lissafa shi daga ranar sa hannu, ko mai shi tana raye ko ta riga mu gidan gaskiya. Mata suka rangaɗa guɗa a wurin makoki, kuma ba mu ba kowa haƙuri a kan haka ba. Ƙungiya tana gode wa Mai Girma Babban Sakatare, tana kuma shaida cewa jami'in sufuri da kansa ya roƙa a bar shi ya raka gawar.

Mota za ta tashi gobe Alhamis ƙarfe shida na safe, za ta ɗan tsaya a Zomba a ƙofar ofishin da marigayiya ta fara aiki, za a yi jana'iza ranar Juma'a ƙarfe goma a Nambiti. Kowane reshe ya zo da garin nsima, wato na tuwon masara, da itace, kowa da zanenta. An sami fom arba'in da ɗaya da ba a cika ba a cikin jakar, kuma za mu tafi da su. Wadda ta san ba ta cika nata ba, kada ta zo mana da kuka kaɗai, ta zo da biro.

Muna roƙon Ubangiji ya ba Mayi Enelesi Mulomba hutawa ta har abada, ya ba Mayi Tamandani da 'ya'yanta da dukan dangi ƙarfin zuciyar jure wannan babban rashi, ya kuma riƙe Agogo Elube, wadda za ta binne 'yar da ta sa ran ita za ta binne ta. Jiya da aka gaya mata mota na zuwa, ta tambaya ko lambar gwamnati ce a jikinta. Aka ce mata ita ce. Ta ce, "To ku gaya wa direba ya shigo a hankali, ina so duk ƙauye su karanta."

Sa hannu:
Mayi Tiyanjane Chapola
Sakatariyar Yaɗa Labarai kuma Kakakin Ƙungiyar Tiyime ta Mata Ma'aikatan Gwamnati
Lilongwe