Roƙon A Bar Mana Jujinmu

Daga:
Tsohon Malamin Firamare,
Gida na 6, Layin Bayan Juji.

Zuwa ga:
Mai Girma Shugaban Sashen Ayyuka da Tsabtar Gari,
Ofishin Hukumar Gari.

9 ga Satumba, 2024

Ranka ya daɗe,

GAME DA: SAURIN AMSA TAKARDUNA DA OFISHINKA YAKE YI, DA ABIN DA HAKAN YA JAWO WA KUƊIN HAYA A UNGUWARMU

Bayan gaisuwar girmamawa da fatan alheri, ni ne dattijon nan da ya rubuto wa ofishinka takardun ƙorafi talatin da ɗaya a cikin shekara goma sha huɗu. Ina haya a ɗaki biyu da falo a ƙasan wani bene da ke bayan gari, ni da mai ɗakina da mahaifiyata. Wannan ita ce takarda ta talatin da biyu, kuma ƙorafi ce a kan sauran.

1. A zamanin wanda ka gada, Allah ya ba shi lafiya, nakan rubuto, masinja ya buga hatimi, takarda ta ɓata. Ban taɓa samun amsa ba, kuɗin hayata kuma bai taɓa motsi ba. Ni na huce haushina, ofishi ya huta, kowa ya kwana lafiya. A lokacin na zage shi a zuci, yanzu ina neman gafararsa.

2. Ranar 3 ga Janairu, 2022 ka kama aiki. An ba ni labari cewa ka sa an kakkaɓe tsofaffin fayiloli, ka zauna ka karanta. Ranka ya daɗe, ba wanda ya shaida mini cewa akwai ranar da za a karanta.

3. Ranar 18 ga Mayu, 2022 aka zuba wa layinmu kwalta, bisa takardata ta bakwai. Kafin kwaltar ta daina manne wa takalmi, mai gidan da nake haya ya zo da murmushi, ya yi mini godiya, ya ƙara kashi ɗaya cikin huɗu a kan kuɗin haya. Ranar 2 ga Nuwamba famfo ya kawo ruwa, bisa takardata ta goma sha biyu. Ya sake zuwa da murmushin nan. Da aka kafa fitilun titi da tashar bas a 2023 bai ma wahalar da ƙafarsa ba, ta waya ya aiko da murmushin. Yau abin da nake biya ya ninka na da har sau biyu, fanshona kuwa yana nan inda na bar shi ranar da na ajiye alli.

4. Mutanen cikin gari sun gano mu. Haya ta kore su daga can, su kuma sun zo suna korar mu daga nan. Ba ni da ƙorafi a kan halinsu, suna gaisuwa. Sai dai mutane ne da ake faɗa musu farashi su ce ya yi araha a gaban mai gida, wanda ko yaro ya san ba a yin haka. Da safe za ka gan su suna gudu a kan kwaltar da na roƙo, ba mai bin su. Shagon mai gyaran rediyo ya koma wurin wankin mota, ɗakin tela ya koma wurin sayar da abincin kyanwa.

5. Wannan shi ne abin da ya fi ci mini rai. Dillalin unguwa ya kafa allo a bakin layi, ya jera abubuwan more rayuwa: kwalta, famfo, wuta, bas. A layi na biyar ya rubuta cewa akwai dattijo mai rubuta wa hukuma takarda kuma ana amsa masa. Ranar 11 ga Yuli ya kawo wasu ma'aurata har ƙofata, ina zaune da singileti ina yanke farce, ya nuna ni yadda ake nuna rijiya a tsakar gida. Matar ta tambaya ko ina cikin kuɗin hayar ne ko ana biya daban. Na yi shekara talatin da biyar ina koyar da 'ya'yan mutane, shi kansa dillalin ni na koya masa rubutun da ya yi allon da shi, kuma har yau bai iya rubuta sunan famfo daidai ba.

6. Mai ɗakina ta ɓoye biro duk na gidan. Ta ce duk ranar da ta ga na ɗauki takarda, gabanta faɗuwa yake yi. Wannan ma a benci na rubuta ta, a gidan waya, da biron aro.

7. Yanzu ga abin da ya kawo ni. Ranar 28 ga Agusta na sami amsarka a kan takardata ta talatin da ɗaya, cewa ranar 1 ga Oktoba motoci za su zo su kwashe jujin da ke bayan gidanmu, a shuka furanni a wurin. Ranka ya daɗe, jujin nan shi kaɗai ya rage mana. Duk mai mota da ya zo duba benenmu, iska na juyowa yake toshe hanci ya koma. Mai gida ya faɗa mini da bakinsa cewa ranar da juji ya tashi, sabon farashi zai fara aiki, kuma ya san ba zan iya ba, don haka in fara neman wuri kafin 31 ga Disamba. Na nema. Abin da aljihuna zai ɗauka yana hawa na uku, tafiyar bas biyu daga asibiti. Mahaifiyata ta haura tamanin, idonta ya tafi, da lalube ta haddace ɗakunan nan. Ta san taku nawa ne daga gadonta zuwa banɗaki. Ban san yadda zan ce mata ta sake koyon wani gida ba, kuma tsoro nake ji.

Saboda haka, cikin ladabi da biyayya, ina roƙon abubuwa kamar haka. Na farko, a ɗauka cewa na janye takardata ta talatin da ɗaya. Abin da na rubuta a cikinta game da ƙuda da wari zafin rai ne, mun saba da su, su ma sun saba da mu. Na biyu, a umarci dillali ya goge ni daga allo. Na uku, in har doka ba ta yarda a fasa aikin ba, a tura fayil ɗin wurin kwamiti, na ji an ce can ba a fitowa da wuri.

Ina roƙon kada a ɗauki wannan a matsayin rashin godiya. Kai ma'aikaci ne nagari, ban taɓa ganin irinka ba, kuma unguwa ta yi kyau ƙwarai. Za ka lura cewa takarduna na baya suna ɗauke da sa hannun maƙwabta arba'in da wani abu, wannan kuwa ni kaɗai na sa mata hannu. Ba ƙi suka yi ba. Na bi layin gida gida jiya, duk sun tashi.

Ka huta lafiya, Allah ya ƙara girma.

Naka mai biyayya,

(sa hannu)
Tsohon Malamin Firamare,
Gida na 6, Layin Bayan Juji.