Zanen da Sabulu Ya Cinye

Litinin, 3 ga Yuni

Yau na gane abin da 'yata Auta take yi mini, bayan ta bar duniya.

Na je makarantar firamare inda ake rajistar katin zaɓe. Ban taɓa yi ba, ga ni na doshi hamsin. Ita ce ta matsa mu je tare, tun ranar da ta cika sha takwas take jiran a buɗe. An buɗe, ba ta nan. Na ce bari in je ko ni kaɗai.

Na bi layi, aka ɗauki hotona. Sai yarinyar da ke kan na'ura ta ce in ɗora yatsa a kan wani ɗan gilashi mai haske. Na ɗora, shiru. Ta goge gilashin, na sake. Muka bi yatsun hannu biyu, ko ɗaya bai fito ba. Ta kama hannuna ta juya tana dubawa, ta ce, "Mama, wanki kike yi?" Na ce wankau, tun kafin a haife ki. Ta ce, "Sabulu ne ya cinye zanen yatsunki. Ki huta da ruwa, ki riƙa shafa mai, zai dawo."

Da ta ce mai, sai na tuna.

Watannin nan kafin ciwon ajalinta, Auta ta ƙwace mini cuɗa da ɗauraya, ta bar ni da guga. Kullum da yamma sai ta zaunar da ni a tabarma, ta buɗe ɗan gwangwanin man shafawa, ta bi kan yatsuna ɗaya bayan ɗaya. Ina tsokanarta, "Wani mijin za ki nemo mini?" Sai ta yi dariya ta ce, "Za ki gani." Na ɗauka tausayin faso take ji. Ashe ta riga ta san da gilashin nan, shirya ni take yi. Ni kuwa tun da aka kai ta makwancinta na koma cikin baho daga safe har faɗuwar rana, na wanke duk aikin da ta yi.

Ban yi kuka a makarantar ba. Na riƙe har gida. Ƙarshen wata za a rufe rajista.

Talata, 4 ga Yuni

Na faɗa wa Malam, maigidana. Yana zaune ya miƙe ƙafar nan da ta raba shi da tuƙin babbar mota. Ya ce, "To a bar wankin mana." Kamar abin wasa. Na ce gidajen da nake wa aiki fa, gidan bene kaɗai ƙullinsu biyu yana jira.

Amma a wannan littafin ba zan yi ƙarya ba, ragowar littafin makarantarta ne. In hannuna yana cikin ruwa, kaina yana yin shiru. In na zauna, sai in ji kamar tafiyarta a zaure. Abin da nake tsoro ke nan.

Alhamis, 6 ga Yuni

Na ɗaura leda a hannu na gwada. Ruwa ya shiga, yatsun suka yi fari fat kamar an dafa. An yi ba a yi ba.

Asabar, 8 ga Yuni

Yau na fito da safe na tarar da Malam ya ja kujera 'yar tsugunno gaban baho, ya naɗe hannun riga. Na ce me ke nan? Ya ce, "Ke dai faɗi yadda ake yi."

Uwar Tagwaye, maƙwabciyarmu, ta leƙo ta kan katanga ta ce, "A'a, Malam, an samu sabuwar sana'a ne? In kawo nawa?" Ya ce, "Kawo, amma na maƙwabta ya fi tsada. Na wanke babbar mota shekara da shekaru, riga ce za ta gagare ni?"

Ta gagare shi kuwa. Yana dirzar wuyan riga kamar taya. Na ce a hankali, wuya da hammata da bakin hannu, nan datti yake ɓuya, sauran jiki lallashi yake so. In ya zo matsa sai ya murɗe kamar zai kashe maciji. Ina zaune a kan turmi, hannuwana a cinya, ina ba da umarni kamar wata shugaba. Ban san na iya abubuwa da yawa haka ba sai da na zo faɗa wa wani.

Litinin, 10 ga Yuni

Na shiga hura gawayin dutsen guga, kafin in fito Malam ya jefa jan ɗankwali cikin fararen kayan gidan bene. Ruwan ya koma kamar an yanka kaza. Na yi salati na nufi bahon da hannu biyu, sai ya riƙe wuyan hannuna. Ya ce, "Ke, zauna."

Na zauna. Na sa shi ya tsame su maza, ya canza ruwa, ya jiƙa, ya sake canzawa, ya shanya a tsakiyar rana. Sun fita, sai riga ɗaya da ta rage da ɗan ja-ja a gefe. Na kai da kaina na faɗi gaskiya. Matar gidan ta ce, "Duk shekarun nan ba ki taɓa ɓata mini ko hankici ba, yau kuma lafiya?" Na ce sabon ma'aikaci na ɗauka. Da ta ji ko wane ne, dariya har da riƙe ciki.

Abin da ya tsaya mini shi ne "ke" ɗin nan. Da Maman Auta yake kirana. Tun ranar rasuwarta bai sake faɗa ba, ni ma ban tambaya ba.

Laraba, 12 ga Yuni

Na daure na ɗauko gwangwanin man daga kan tagarta. Da na buɗe, ga sawun yatsanta a tsakiyar man, inda ta lakata na ƙarshe. Ɗan rami, har da zanen.

Na daɗe ina kallo. Sai na riƙa ɗiba daga gefe-gefe, ina kewaye wurin.

Zaman nan da wuya. Guga ba ya cinye yini. La'asar tana yi ba ni da abin yi sai shafa mai da tunani.

Juma'a, 14 ga Yuni

Yaya ta zo ziyara, ta tarar da mijina yana shanya zannuwa. Ta ja ni ɗaki ta ce, "Ke yanzu saboda kati kika mai da dattijo ɗan wanki? Wa kika taɓa gani ƙuri'a ta cika masa tukunya? Mu da muka yi ta dangwalawa me muka samu?"

Da ni ma haka nake cewa. Auta ce ba ta yarda. In muka dawo daga ɗibar ruwa, wuyanmu ya sage, sai ta nuna famfon bakin layi da ya bushe tun tana goye, ta ce, "Mama, kin fi kowa shan wahalar ruwa a unguwar nan, amma ranar da ake tambayar mutane wa suke so, ke ba a ƙirga ki." In ce ƙuri'ar babanki ta ishe mu. Ta ce, "Baba da bakinsa, ke da naki."

Na maimaita wa Yaya haka. Ta ce yarinyar nan da baki take, Allah ya jiƙanta. Da za ta tafi ta kama hannuna ta shafa, ta ce, "Oh, ji laushi kamar na matar gwamna." Na ji daɗi, ba zan ɓoye ba.

Talata, 18 ga Yuni

Na koma, kuma ni na ɓata abina da kaina.

Da safe na dubi hannuwana duk maiƙo, na ce ina ni ina ɗora wannan a gilashin hukuma, a ce mai wankau ta zo da ƙazanta. Na ɗauki soso da garin sabulu na dirje su tas har suna ƙara. Na isa ina taƙama.

Yatsa biyu kawai na'ura ta karɓa. Yarinyar ta shinshina hannuna ta ce, "Mama! Me kika yi musu?" Da na faɗa mata ta dafe kai. Wai na busar da su, ɗan maiƙon nan shi ake so. Mutanen layi suna ta dariya, wani tsoho ya ce, "Hajiya ta yi wa yatsun wanki da guga." Ni ma sai da na murmusa.

Ta rage murya ta ce akwai hanya, za a iya rubuta ni cikin waɗanda ba a samun zanen yatsunsu, babbansu ya sa hannu, a wuce wurin. Don taimako ta faɗa, na sani. Na ce, "'Yata, na gode. Amma akwai wadda ta yi wahala a kan yatsun nan. Zan dawo da su." Ba ta tambaye ni ko wace ce ba. Ta ce kar dai in wuce mako mai zuwa.

Alhamis, 20 ga Yuni

Haushin kaina nake ji. Malam ya ce ko alwala in riƙa yi a hankali, ban da dirza.

Asabar, 22 ga Yuni

Yau ina zaune da la'asar sai na tuna ranar da Auta tana ƙarama ta saka 'yar kyanwa a bahon bula, wai za ta yi mata wanki ta yi haske. Kyanwar ta yi mako tana yawo shuɗiya. Na yi dariya ni kaɗai har Malam ya leƙo. Na ba shi labarin, ya ce ai shi ya ciro kyanwar, ga tabon yaƙushin nan har yau. Muka zauna muna ta tuno ta har aka kira magariba. Tun rasuwar ba mu taɓa hirarta ba sai yau.

Rigarta mai ɗigo-ɗigo tana rataye a ƙusa bayan ƙofa, wadda ta cire ranar da zazzaɓin ya kwantar da ita. Na wanke kayan rabin unguwar nan, ita ban taɓa ta ba.

Laraba, 26 ga Yuni

Man ya ƙare a gefe. Saura tsakiya, inda sawunta yake. Malam ya ce a sayo wani. Na ce to, amma ban aika ba.

Alhamis, 27 ga Yuni

An yi!

Bari in rubuta a tsanake. Da safe ban taɓa sabulu ba. Na buɗe gwangwanin na zauna da shi a cinya. Na ce a raina, ba don a ajiye ta saya ba, don yatsun nan ta saya. Na sa babban yatsana daidai cikin ramin nata, na lakato, na bi kan yatsuna ɗaya bayan ɗaya yadda take yi. Sannan na goge sama-sama da gefen zani.

Malam ya ce zai raka ni. Da sandarsa, muna tafe muna hutawa. Layi ya yi tsawo don an kusa rufewa, rana kuma ta buɗe. Na dunƙule hannuwana cikin mayafi kamar mai ɗauke da ƙwai.

Yarinyar tana ganina ta ce, "Mama mai wankau! Yau dai ba a yi musu guga ba ko?" Na ce ko ruwa ba su gani ba. Ta goge gilashin. Na ɗora babban yatsa. Na'urar ta yi ɗan ƙara, sai ga shi a allon, baƙi, layi-layi yana zagaye kamar an zana da allura. Ta juyo mini da allon ta ce, "Kin ga naki." Ban taɓa ganinsa ba. Ashe haka yake da kyau.

Biyu sun ƙi, na hannun dama da na fi cuɗa da su. Ta ce waɗanda suka fito sun isa. Ta tambayi sunana, na faɗa da ƙarfi har na bayana suka ji. Sana'a fa? Na ce wanki da guga, rubuta da kyau. Ta ba ni 'yar takarda ta ce da ita zan karɓi katin in ya fito.

Da muka fito Malam ya karɓi takardar ya duba gaba da baya, ya miƙo mini. Ya ce, "To, Maman Auta, an shiga sahun mutane." Ya ci gaba da tafiya kamar bai ce komai ba. Na bi bayansa, ina ta gyara mayafi don kar a ga fuskata.

Lahadi, 30 ga Yuni

Na karɓi bahona. Malam ya ce dama bayansa ya gaji, amma na ga yana leƙen yadda nake matsa, har yana cewa ban juya aljihu ba. Uwar Tagwaye ta ce in raka ta in an sake buɗewa, ita ma ba ta da kati. Na ce sai ta bar dirzar tukwane tukuna.

Na rage gida biyu cikin masu kawo wanki. Yarinyar ta ce ranar zaɓe ma za a iya neman yatsa, dole in kula da su. Saboda haka ne kawai. Yau na gama kafin azahar, na zauna a tabarma har la'asar ba na yin komai, kuma ban tashi neman abin wankewa ba.

Gwangwanin na wanke shi na sa takardar a ciki, yana kan tagarta.

Katin bai fito ba tukuna, ban kuma san wanda zan zaɓa ba, sai na saurari kowa a kan maganar famfo. Rigarta tana nan a ƙusa, ban wanke ba.