Ƙafar Hagun Mohpari

Istaravshan, 12 ga Satumba

Zuwa ga yayata, Apa Zulayho,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ki, ke da maigidanki Aka Nurali, da fatan kuna cikin ƙoshin lafiya.

Kada hankalinki ya tashi, amma na karye. Ranar Talata na hau tsani zan yanki inabin rumfar tsakar gida, tsanin nan da mijina Safar ya yi ta cewa zai gyara har Allah ya yi masa rasuwa. Matakala ta huɗu ta ɓalle. Da kunnena na ji ƙafar hagu ta ce ƙas.

Tun hantsi nake yashe a ƙasa har la'asar, Apa. Na yi kira har muryata ta dishe, kowa yana gona. Maƙwabciyata Mavjuda ce ta shigo aron rariya, ta tsaya a kaina tana cewa, "Mohpari, wane irin barci ne wannan a rana?" Sai da ta ga ƙafar ta saki salati.

Likita ya ɗauki hoto, ƙashi biyu ne suka karye. An sa mini siminti har ƙwauri, mako shida ba taka ƙasa. Da jan gindi nake zuwa madafa.

Kada ɗana Dilovar ya ji. In ya ji zai bar aikin gininsa a Rasha ya taho, kuma ba wanda zai ajiye masa gurbi. Ki zo ko na kwana uku ne.

Ƙanwarki,
Mohpari

Khujand, 21 ga Satumba

Mohpari,

Wa'alaikumus salam. Sannu, Allah ya ba ki lafiya. Amma tsakani da Allah, shekara sittin da ɗaya kina hawa tsani kamar akuya? Tun kina yarinya ba kya jin magana. Ki sha romon ƙashi kullum, ki ɗora ƙafar a kan filo, kada ki cusa allurar saƙa cikin simintin nan don ƙaiƙayi, na san halinki.

Zuwa kam ba zan iya ba, kuma dole in gaya miki dalili. Tun watan Afrilu ɓarin jikin Nurali na dama ya shanye. Ba ya tashi, ba ya magana. Ni nake juya shi, ni nake ba shi abinci da cokali. Duk kiran da kika yi na ce miki ya tafi masallaci, yana nan kwance kusa da ni yana kallona ina zuba ƙarya. Na ɓoye miki ne don ke ma kina ke kaɗai, ban so in ƙara miki.

Ki yafe mini. Ki gaida Mavjuda.

Yayarki,
Zulayho

Istaravshan, 30 ga Oktoba

Apajon,

Ina gaishe ki, da ya mai jiki. Allah ya tashi kafaɗarsa.

Na yi jinkirin amsa don fushi na yi. Wata biyar, Apa! Na karanta wasiƙarki na tura ta ƙarƙashin katifa na ce ba zan kula ki ba. Ran nan Dilovar ya kira, ya ce, "Ochajon, uwata, ya inabi?" Na ce, "An yanke, zabibi na shan rana a kan soro." Ina faɗa ina kallon rina na cin nunannun a rumfa, ruɓaɓɓu na faɗowa ɗaya bayan ɗaya. Da na ajiye wayar sai fushin ya fita daga raina. Ashe halinmu ɗaya.

Mavjuda na kawo mini gurasa da miya da safe, amma a tsaye take ajiyewa. In na ce, "Zauna mu sha shayi," sai ta ce, "Jikoki za su ƙona mini gida, gobe dai." Ba na ganin laifinta. Daga fitarta ba na sake jin muryar mutum sai washegari. Akwai ranar da na dafa shayi na zuba kofi biyu, ban san wa na zuba wa na biyun ba.

Shekaranjiya aka cire simintin. Ƙafar ta tsotse, fatar na saɓulewa, kamar ba tawa ba. Likita ya ce, "Taka mana, Inna." Na ce, "Tsoro nake ji." Ya ce, "Ƙashi ya haɗe, saura zuciya." Jiya na dogara sanda na tako daga ɗaki har ƙofar gida, taku ashirin da uku. Na buɗe ƙofar don wani ya gan ni a tsaye. Titi wayam. Na daɗe a nan, sannan na rufe na koma.

Ga abin da na yanke. Na bar wa Mavjuda kaji da makulli, ranar Alhamis zan shigo motar safe in taho. Ƙafar ba ta da ƙarfi tukuna, amma hannuwana lafiya lau, kuma juya namiji a gado ba aikin mace ɗaya ba ne. Na gaya wa Dilovar gaskiya. Ya yi faɗa, daga baya ya ce in tafi. Kada ki ce mini a'a.

Ƙanwarki,
Mohpari

Khujand, 2 ga Nuwamba

Mohparijon,

Na ba direban motar garinku wannan don ta riga ki tashi. Ki zo. Na karanta wa Nurali wasiƙarki, ya matse mini yatsu da hannunsa mai lafiya.

Sai dai ki sani, gidan da muka koma a hawa na huɗu yake, matakala sittin da biyu, kuma ba na'urar hawa. Zan sauko da kujera in jira ki a ƙasa. Duk inda kika gaji mu zauna, ko da za mu kai azahar a hanya.

Allah ya kawo ki lafiya.

Zulayho