Kilo Hamsin da Biyar

Nellim, 14 ga Satumba

Yaya Terttu,

Gaisuwa mai yawa, da fatan kina lafiya, ke da gwiwoyinki. Na so in kira ki daga shagon gari, amma na san aikin walda ya cinye miki kunne, sai in yi ta ihu masu sayen burodi suna jin sirrina. Ki yi haƙuri da rubutuna.

Na gode da zaman da kika yi da ni bayan jana'izar Eelis. A lokacin bakina ya ƙi buɗuwa, shi ya sa ban faɗa ba.

Outi ta zo daga Oulu makon jiya. Ta gyara mini ɗaki a gidanta, har da labule. Ta ce ba za ta bar uwarta ita kaɗai a ƙetaren tafki ba, inda babu hanyar mota, sai kwalekwale ko babur ɗin ƙanƙara. Na ce na iya tuƙa babur tun ba a haife ta ba. Ta ce, "Tuƙi kin iya, Mama. Wa zai ɗaga miki bayansa?"

Kin san yadda ƙanenki yake yi kowace safiya. Ya kama ƙarfen baya ya ɗaga, ya buga da ƙasa ƙanƙarar da ta kama bel ɗin da babur ke tafiya a kansa ta zube, ya ɗora a kan kututture ya bar bel ya yi ta juyawa har ya yi laushi. Haka in zai ɗaure shi ko ya canza wani abu a ƙasa. Shekara arba'in gadon bayan Eelis ne jak ɗinmu. Na shiga rumfa na gwada a gabanta, ko motsi babur bai yi ba.

Mun tsaya a kan haka: ranar da tafki ya daskare har ya ɗauki babur, za ta dawo. In na ɗaga ni kaɗai a gabanta, na zauna a gidana. In na kasa, in bi ta bene hawa na shida, inda taga ba ta kallon komai sai wata tagar.

Mai shago ya ba ni takarda mai hoton jak iri uku, ga ta nan na haɗo miki. Akwai mai tebur da ake bugawa da ƙafa, akwai mai murɗawa, akwai mai dogon hannu da ake dannawa. Wanne zan saya? Ke kika san ƙarfe.

Matar ƙanenki,
Saimi

Tornio, 20 ga Satumba

Saimi,

Gaisuwa. Gwiwoyi suna nan, ba su gudu ba.

Mai tebur yana son daɓen siminti, rumfarku ƙasa ce da katako. Mai murɗawa in sanyi ya tsananta mai ɗinsa zai yi tauri, ki yi ta murɗawa har Ista. Mai hannu shi ne naki, amma ba na cikin hoton ba. Wancan an yi shi ne don ƙattai masu tumbi irin mai shagon naku. Jak mai hannu nauyin mutum yake ci: ki rataya ƙugiya a ƙarfen baya, ki kwanta a kan hannun, nauyinki ya ɗaga nasa.

Ni zan ƙera miki. Auno mini daga ƙasa zuwa ƙarfen baya, daga ƙasa zuwa ƙugunki, sannan nauyinki da takalmi da rigar sanyi. Kar ki rage mini ko kilo ɗaya, ba aurenki zan nema ba.

Ranar goma ga wata na ajiye wa Eelis kofi a tebur kafin in tuna. Shekara sittin da uku ina tuna ranar haihuwarsa, hannuna bai ji labari ba.

Terttu

Nellim, 27 ga Satumba

Yaya Terttu,

Ina gaishe ki, kuma wasiƙarki ta sa ni dariya, wadda rabona da ita tun Mayu.

Ga awo a bayan takarda. Nauyi kuwa, na hau sikelin da muke auna kifi. Arba'in da bakwai. Na sauka na sake hawa, na buga masa hannu, bai canza magana ba. Bara sittin da biyu nake.

Ba rashin lafiya ba ne, Yaya, kuma ba da gangan ba ne. Ashe ni ban taɓa duba agogo don in ɗora tukunya ba. Da na jiyo ƙarar injin Eelis daga bayan tsibiri sai in sa dankali a wuta, kafin ya rataye taru abinci ya nuna. Yanzu tafki shiru. Sai in ga rana ta faɗi ban ci komai ba sai kofi da gutsuren burodi a tsaye.

Don Allah kar Outi ta ji. Da ta zo na sa riguna uku. In ta ji, ba za ta jira ƙanƙara ba.

Ki ƙara wa hannun tsawo kawai. Na san wannan ɗin ko ni da ban wuce aji shida ba.

Taki,
Saimi

Tornio, 9 ga Oktoba

Saimi,

Gaisuwa. Jak yana motar ranar Juma'a, maƙwabcinki Aslak zai ƙetaro miki da shi kafin a janye kwalekwale.

Ban ƙara tsawo ba. Na yanke hannun daidai mace mai kilo hamsin da biyar. Na gwada da buhunan yashi a kan babur ɗin wani: hamsin da biyar ya tashi, hamsin da huɗu ya yi gardama.

Outi tana tsoron babur. Ni ba babur nake tsoro ba. Macen da iska za ta ɗauka ba ta da aiki a kan tafki da sanyin Janairu, ko da jak ɗin zinariya. Na binne ƙane bana, ya ishe ni.

Kina da mako shida ko bakwai. Akwai man shanu da busasshen nama a cikin akwatin jak ɗin. Kar ki wahalar da kanki neman bututun da za ki zura a hannun ki ƙara tsawo, na yi wa bakinsa walda da ƙwallon ƙarfe.

Ki zage ni in kin ga dama, ba na ji.

Terttu

Nellim, 22 ga Nuwamba

Yaya Terttu,

Ina gaishe ki. Yau Aslak ya fara takowa a ƙasa ta kan ƙanƙara, shi zai kai wannan.

Na zage ki. Kwana uku ina zaginki a rumfa. Na nemo bututu duk da haka, ya ƙi shiga. Na rataya a hannun kamar wanki a igiya, ƙafafuna a sama, babur yana kallona. Aslak da ya kawo shi ya ce, "Saimi, in ba ki aron cikina?" Na ce ya tafi da cikinsa tun ruwa bai rufe ba.

Da ruwa ya rufe, ba kwalekwale ba babur, sai ni da jak ɗinki. Rana ta huɗu na buɗe ƙofar rumfa na tada injin don kar ya kwanta. Ina jin ƙarar nan, Yaya, ban san lokacin da na isa kicin ba, sai na gan ni ina feraye dankali. Na zauna a ƙasa na yi kukan da ban yi a coci ba. Sannan na cinye, har da rabon Eelis.

Tun daga ranar nake tada injin da rana tsaka. Ina zuba man shanu a kunu kamar marar hankali. Jiya sikeli ya ce hamsin da uku. Babur ya fara ɗaga ƙafa ya mayar.

Outi za ta zo ranar Asabar. Saura kilo biyu, kwana biyar. Ko na tafi Oulu, ina so ki sani ban ji haushinki ba kuma. Kowa ya kawo mini furanni. Ke kaɗai kika tambayi nauyina.

Matar ƙanenki,
Saimi

Nellim, 28 ga Nuwamba

Yaya,

Gaisuwa. Ya tashi.

Hamsin da uku da rabi nake. Na cika aljihuna da duwatsun da ake ɗaura wa taru guda shida. Na danna, bayan babur ya yi sama, bel ya juya. Outi ta rungume ni, duwatsu suka yi ƙara a tsakaninmu. Ta ɗora hannunta a kan aljihun. Can ta ce, "Mama, kafin Kirsimeti ki cire uku. Sauran in na dawo a Janairu ni zan cire da hannuna."

Ta bar mini cuku mai girman taya. Wanda zai zo kallon jak ba ya ɗauko cuku tun daga Oulu. Ba zan tambaye ki wa ya gaya mata na rame ba.

Na gode.

Saimi