Lambar ta Sauka, Yaya Bai Fita ba

Unguwar Kilo Biyar, Bangi

Ƙanena Uwaisu,

Assalamu alaikum. Yaya Dakar, yaya aikin bincike? Uwargida Hureira na gaishe ka.

Wata shida ke nan da yi mini aikin dajin mafitsara. Likita ya duba jinina, ya ce lambar PSA ta sauka ƙasa, an yi nasara. Na ce masa singila, wato na gode.

Amma fitsari ya ƙi tsayawa. Daga tsakar gida nake jin huɗubar Masallacin Koudoukou. Liman ya aiko cewa lalura ce, sallata ta yi. To, da wane ido zan shiga sahu wando a jiƙe? Shago ma na daina zuwa.

Ka ce kuna shirya gwajin sabon magani. Ku me kuke kira nasara?

Yayanka,
Abdulgani

*

Dakar

Yaya,

Wa alaikumus salam. Na karanta sau uku.

Ciwon nan idan aka kama shi da wuri, tafiyarsa a hankali take. Kafin mu san ko magani ya tsawaita rai, sai mun jira shekara goma sha biyar. Masu ɗaukar nauyin binciken huɗu suka ba mu. Shi ya sa muka riƙe lambar jini, ita ke motsi da wuri.

Akwai abin da ban gaya maka ba. Naka ƙarami ne, ana iya sa masa ido kawai. Tsoro ne ya sa na matsa maka a yi aikin. Ka yafe mini.

Jiya na karanta wa kwamitinmu wasiƙarka, ban faɗi sunanka ba. Na roƙi mu riƙa ƙirga mazan da suka iya riƙe fitsari, suka koma harkarsu. Shugaba ya ce magana ce mai kyau, amma babban ma'auni ba zai canza ba. Sun sa ta can ƙarshen takarda.

Ƙanenka,
Uwaisu

*

Uwaisu,

Salamu alaikum. Na yafe, kada ka sake ɗago zancen.

Mahaman mai sayar da taya a unguwar Yakite, an gano masa irin nawa, ƙarami. Ya zo jiya, ya ce, "Alhaji, kai da ka warke, in yarda a yi mini aikin?"

Na ce ya dawo duk ranar da ya ga dama, ina gida.

Me zan ce masa?

Abdulgani