Na Kori Tsuntsayen Mutane

Baba,

Gaisuwa mai yawa. Ya jikin Inna, ya su Turai? Ni lafiya lau, sanyin Greensboro ma ya fara sauƙi.

Ranar Asabar maƙwabcina ya kai ni dajin da ake kallon tsuntsaye. Kallo kawai fa, Baba, ba harbi! Kowa ya yi tsit, sai ga garken wasu baƙaƙen tsuntsaye masu jan kafaɗa sun sauka a fadama. Ban san lokacin da na tafa hannu na kurma ihu ba, irin na tsaron shinkafarmu. Duk suka watse! Mutane suka juyo suna kallona, kamar ƙasa ta tsage in shige.

Amma wallahi na ji daɗi. Rabona da ɗaga murya haka tun ranar da na baro gida. A riƙa kirana.

Ɗanka,
Maikano