Zaren da na zaɓa

Laraba, tara da kwata na dare, Zango.

Yau na raka Baffa Sale fatsa a dam. Ni na matsa masa ya sa siririn zare, don a makaranta an koya mana kifi ba ya ganinsa. Ya ɗaura cokalin da marigayi Baba ya goge da hannunsa ya sa wa ƙugiya don ƙyallinsa ya jawo kifi. Da la'asar wani babban kifi ya kama, sandar fatsa ta lanƙwashe, sai zaren ya dawo babu kifi, babu cokali.

Baffa ya daɗe yana kallon ruwa. Ya ce, "Karatunka bai yi ƙarya ba, ɗana. Bai gan shi ba."

Ban san nauyin kifin ba. Ban sani ba ko zaren ne ya tsinke ko ɗaurin ya kwance. Ban san yadda zan gaya wa Inna ba.